Hannun da Zai Sayar da Furun

Asabar, farkon Mayu, bayan Azahar

Ni, Yunusu ɗan Alhaji Daudu mai burodi, mazaunin Gadarif, mai cikakken hankali bisa shaidar kaina, na ɗauki alƙalami domin tarihi ya san cewa yau aka yanke wa furun ɗin gidanmu hukunci. Furun nan na gas ne, girmansa ɗaki ne a cikin ɗaki, kuma ya ciyar da unguwarmu da burodi tun ban zo duniya ba. Tun da gas ya zama abin da ake jin labarinsa ba a ganinsa, sai ya yi shiru, tsatsa ta hau shi, kaji suka mayar da bakinsa majalisarsu. Yanzu za a kwance shi a sayar wa masu hurda, masu sayen tsohon ƙarfe da nauyinsa.

Ga dalili. Goggo Ummusalama da 'ya'yanta, waɗanda yaƙi ya koro daga Madani da kayan jikinsu kawai, suna kwana a tsakar gida ƙarƙashin tamfol, ga damina tana tafe. Kowa ya san halin ƙasar Gadarif idan ta sha ruwa: takan cire wa mutum takalmi ta riƙe. Inna ta ce ɗakin furun ya fi cancanta da masu numfashi. Baba bai ce uffan ba, a gidanmu kuwa shirun Baba umarni ne.

Na miƙe, na gyara murya, na gabatar da kaina a matsayin jagoran wannan gagarumin aiki. Baba ya dube ni irin duban da manomi ke yi wa hadarin da ba ruwa a cikinsa, sannan ya ce, "Mohanad zai kwance shi."

Mohanad mai walda ne. Ya gudo daga Bahri zuwa Madani, ya sake gudowa tare da su Goggo. Ba dangin iya, ba na baba. Yana kwana a ɗakin baƙinmu, a kan gadon da ba nasa ba.

Ina so a rubuta, ga shi kuwa na rubuta: ba kishi nake yi ba.

Lahadi, da hantsi

An fara. Mohanad ya cire bututan gas, ya bar su a rana su sha iska, sannan ya kama notunan murfin gaba. Baba ya sa an kai masa kujera bakin ƙofa. Jabanar da Inna ta dafa, wato gahawa, Baba da hannunsa ya zuba wa Mohanad a finjali. Na bincika tarihin rayuwata daga yaye zuwa yau, ban sami ranar da Baba ya zuba mini ko ruwan alwala ba.

Ni ma an ba ni muƙami. An miƙo mini maganaɗisu da buhu biyu: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, a tara shi gefe, abin da bai kama ba tagulla ce ko alminiyam, a sa a buhu, domin su ne masu daraja. Na karɓi wannan nauyi da tawali'u, na naɗa kaina Babban Mai Rarrabe Ma'adinai.

Ƙanwata Ruƙayya ta wuce da tsintsiya, ta ce, "Yaya, sannu da aiki. Ka gwada shi a kanka mana, mu ga ko zai kama."

Na ce mata kaina tagulla ne. Ta ce ita dai ta ji yana amo irin na fanko.

Talata, bayan La'asar

Wani noti ya ƙi motsi. Mohanad ya zuba masa tsohon man inji, ya ƙwanƙwasa shi a hankali, ya ɗora ƙafa a kan sifana. Baba ya sunkuyo daga kujera ya ce, "Haka shi ma yake yi. Ƙafar hagu."

Bai faɗi wa yake nufi ba. Inna tana shanya, ta bar zanen a igiya rabinsa a ƙasa, ta shige ɗaki.

Yayana Husain ya tafi Hartum sayo wa furun nan kayan gyara a cikin azumin da aka fara harbe-harbe. Ba zan rubuta komai a kan wannan ba.

Laraba, da yamma

Baba ya kira Mohanad "ɗana" sau biyu. Ni ya kira ni "kai".

Alhamis, bayan La'asar

Yau muka karɓi baƙuncin Babiker mai hurda, mutum mai tumbi da murya, wanda ke duban kowane abu a duniya yana ƙiyasta nauyinsa. Ni ma ya dube ni, bai ga wani abin kirki ba. Ya zagaya tarin ƙarfen da ke cikin ɗaki, ya ɗaga bakunan wuta na tagulla ya lasa yatsa ya goga, ya ce "ma sha Allah" da muryar mai ganin amarya.

Sannan aka zo ga ciniki yadda ake yinsa a nan. Mai saye ya kama hannun mai kaya ya riƙe gam, yana jijjigawa yana faɗin farashi. In mai kaya ya yarda, ya ce Allah ya sa albarka, an gama, ba mai tayar da magana har abada. In bai yarda ba, ya zare hannunsa ya ce "yaftah Allah", wato bai sallama ba. Kuma ba kowane hannu ake kamawa ba, sai na mai kaya, ko na wanda ya wakilta a gaban mutane.

Babiker ya jijjiga. Baba ya zare. Ya ƙara, ya sake kamawa. Baba ya sake zarewa.

"Ya Hajji, wallahi ka fi ni iya kasuwa!" in ji Babiker yana dariya. "To, in hannunka ya yi nauyi, ka ba ɗanka, ni da shi mu ƙarasa."

Da ya ce ɗanka, sai ya nuna Mohanad da haɓa. Ina tsaye a gefensa, riƙe da maganaɗisu, da hancin Baba a fuskata wanda duk Gadarif ta shaida. Na jira Baba ya gyara masa. Baba ya kurɓi jabana.

Yanzu magana ta fito fili. Wata rana Baba zai ba wani hannunsa, a bakin ƙofa, unguwa tana kallo, kuma daga ranar kowa zai san wane ne ɗan gidan nan. Ba don kaina nake damuwa ba. Don tsarin al'umma ne.

Juma'a, bayan an sauko

A masallaci Baba ya jingina da kafaɗar Mohanad wajen sa takalmi. Tawa kafaɗar tana nan, lafiyayya, ba ta da wani aiki.

Litinin, da hantsi

An kwance rufin furun da bututun hayaƙi. An fasa jan bulon ciki an jera shi a jikin bango. Ɗakin ya cika da gunduwa-gunduwar ƙarfe har ba wurin sa ƙafa, amma Baba ya hana a fitar da ko ƙusa ɗaya. Ya ce abin da ba a sayar ba ba ya barin ɗakinsa. Saboda haka furun ya mutu amma bai tashi ba, su Goggo kuma suna nan ƙarƙashin tamfol suna duban gabas.

Mohanad yana koyon Hausa, yana karya ta kamar yadda yake karya bulo. Duk kalmar da ya ɓata, Baba sai ya yi dariya har da tari. Ni da na ƙera jimla jiya mai ɗauke da "bisa la'akari da" har sau biyu, aka ce in matsa ina tare haske.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin ba shi da aibu. Na nema. Yana salla a kan lokaci, yana rage abinci a faranti, yana kirana "ya ustaz" ba tare da izgili ba. Da ma zai yi izgilin, in sami abin kamawa.

Laraba, bayan La'asar

Babiker ya dawo ya ƙara farashi. Baba ya zare hannu. Babiker ya tafi yana shaida wa masu shayi cewa bai taɓa gamuwa da gwanin ciniki irin Alhaji Daudu ba. Na lura cewa Baba ba ya ma sauraron adadin. Tun kafin a faɗa yake fara janye yatsunsa.

Alhamis, kafin Magariba

Allah ya dubi zaluncin da ake yi wa masu gaskiya! A matsayina na Mai Rarrabe Ma'adinai na san kowace tagulla da ta fita daga jikin furun, kuma na lura babu mariƙin murfin gaba, wani dunƙulallen mariƙi mai nauyi wanda hannu ya goge shi har yana sheƙi. Na shiga ɗakin baƙi neman carbina, wanda ban taɓa ajiyewa a can ba, sai ga mariƙin ƙarƙashin katifar Mohanad, naɗe cikin tsumma.

Ban taɓa jin daɗi irin na yau ba, Allah ya yafe mini. Zan gabatar da batun a wajen cin abinci, cikin natsuwa, ba tare da son rai ba.

Alhamis, bayan Isha

Na gabatar.

Asabar, da safe

Tarihi yana da haƙƙi a kaina, don haka ga yadda aka yi. Muna zaune mu uku a kan tabarma, tuwon dawa a tsakiya. Na ajiye tsumman a gaban Baba, na warware, na ce, "Baba, da baƙin ciki nake sanar da kai cewa a cikin gidan nan akwai amanar da ta yi ƙafa."

Mohanad ya cire hannu daga kwano.

Baba ya daɗe yana duban mariƙin. Ya ce, "Ni na ba shi ya ɓoye mini."

Na ce, "A ƙarƙashin katifa, Baba?"

"A ɗakina uwarka za ta gani." Ya mayar da tsumman ya rufe. "Shi ya zuba shi da hannunsa, yana ɗan makaranta. Ka manta ne, ko ba ka taɓa duba ba?"

Ban manta ba. Ni na riƙe wa yayana mafici ranar da ya narka tagullar a bayan gida, har Inna ta zane mu tare. Amma ban faɗa ba, domin a daidai lokacin muka ji motsi a bayanmu. Inna ce tsaye da kwanon miya. Ta gani. Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, kamar mai tsoron kada ya farka, ta koma.

Baba ya wanke hannu ya tashi. Mohanad ya ce, "Ma'alesh, ya ustaz." Shi ya ba ni haƙuri. Shi!

Lahadi

Baba bai yi mini magana ba.

Litinin

Haka.

Talata, da hantsi

Mohanad ya ɗaure kayansa a leda, ya ce zai bi motar 'yan ƙwadago zuwa gonakin Fashaga, an fara sharar gona. Na tsaya a bakin zaure na shirya fuskar alhini. Baba ya fito ba hula, ya kama ledar ya ce, "Ba wanda zai sake fita daga gidan nan ya ce mini zai dawo."

Mohanad ya saki ledar. Na mayar da fuskar alhinin, ban yi amfani da ita ba. Na tambayi kaina, da ni ne na ɗaure leda, da wa zai fito ba hula? Na bar tambayar a buɗe, domin ba kowane bincike ne ke da amfani ga lafiyar mai binciken ba.

Ba kishi ba ne. Nazari ne.

Alhamis, da asuba

Ruwan farko ya sauka. Iska ta tsinke igiyar tamfol, ruwan da ya taru a kansa ya juye a kan 'ya'yan Goggo. Muka kwashe su zuwa ɗakin Inna, ƙaramar tana rawar sanyi, katifu sun sha laka. Goggo ba ta yi ƙorafi ba, sai cewa take, "Ba komai, Yaya, mun ga wanda ya fi wannan," abin da ya fi ƙorafi ciwo.

Da gari ya waye Inna ta tsaya a gaban Baba, zanenta jiƙe. Tun da nake ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Alhaji, ƙarfe ba ya jin sanyi. Na ga abin da ka ɓoye, ban mutu ba. Ka saki ɗakin."

Alhamis, bayan La'asar

Ya kira ni. Da sunana.

"Yunusu. Jibi Babiker zai zo da karo, amalanken jakinsa. Kai za ka ba shi hannu."

Na so in ce na karɓi wannan amana da dukkan gaɓoɓina, amma abin da ya fito shi ne, "To, Baba."

A rubuta: ni. Ba mai walda ba, ba baƙo ba, ba mai ƙafar hagu ba. Na ba da jallabiyata guga. Na yi atisayen jijjiga hannu da ƙyauren ɗaki har Ruƙayya ta leƙo ta tambaya ko ƙyauren ya yarda da farashin.

Asabar, da yamma

An yi. Masu shayi sun zo, mai kanti ya zo, tsofaffin da suka ci burodinmu shekara da shekaru suka jeru a inuwa. Baba ya fito bakin ƙofa ya ce, "Ga wakilina," ya koma ciki kafin a amsa.

Babiker ya dube ni, ya dubi Mohanad, ya ce, "Au, wannan ne?" Na yafe masa saboda girman ranar. Ya kama hannuna, tafinsa kamar bayan kasko, ya faɗi farashi. Na shirya jawabi mai sassa uku game da ƙarewar zamani. Da na buɗe baki sai na hangi cikin ɗakin ta bayan kafaɗarsa, na ga baƙin shacin da hayaƙi ya bari a bango, daidai tsayin mutum. Na ce, "Allah ya sa albarka." Aka ce amin. Shi ke nan.

Murfin gaba sai da mutum huɗu suka ɗaga shi. Da aka jefa shi a karo ya yi wata ƙara wadda jakin ma ya zabura. Na bi su a ƙafa har filin hurda, na tsaya aka ɗora a mizani, baƙin ƙarfe daban, buhun tagulla daban. Aka watsa furun ɗinmu a kan wani tsauni na ƙonannun ƙofofin mota da gadaje da fankoki. Ban tambayi daga ina aka kwaso su ba.

Na dawo na tarar Goggo tana share ɗakin, yara suna tsalle a inda wuta take da.

Lahadi, da hantsi

Ruƙayya ba ta iya riƙe magana ba, kamar yadda kwando ba ya riƙe gari. Tana wanke-wanke ta ce, "Yaya, ka daina tafiya kana buɗa kafaɗa. Mohanad ne Baba ya fara tambaya. Ina bayan taga. Cewa ya yi a'a."

Ashe har girman da na sa wa jallabiya guga dominsa, ragowar wani ne.

Na same shi a ɗakin yana yaɓe ramukan da ƙusoshi suka bari. Na ce, "Malam Mohanad, ina neman bayani. Da wane dalili ka yi mini sadaka da hannun ubana?"

Ya ajiye cokalin yaɓe. Da Larabci ya amsa, a hankali. "Ya ustaz, ina kwana a gadon mutum, ina zama a wurinsa a tabarma, na kwance abin da ya bari da hannuna. Kana so in sayar kuma? Na ce wa Hajji akwai ɗa a gidan."

"Sai da ka tuna masa."

"Bai manta ba. Kai idan ya dube ka, fuskar wancan yake gani. Ni ƙafa kawai na ara." Ya ɗebi yaɓe ya cika wani rami. "Nawa uban yana tsakar gidanmu a Bahri, gindin lemo. Ni na haƙa. Ba hanyar maƙabarta a lokacin."

Ya kamata in ji tausayi, kuma na ji. Amma tunda na yi alkawarin gaskiya ga waɗannan shafuka, ga abin da ya riga tausayin isowa: shi ya san inda nasa yake. Yana da gindin lemo. Har wannan ma ya fi mu.

Na ɗauki ɗaya cokalin. Muka yi yaɓe har Azahar. Nawa ɓangaren ya karkace, bai faɗa ba.

Laraba

Su Goggo sun kwana a ɗaki. An yi ruwa, ba wanda ya tashi.

Juma'a, bayan La'asar

Da safe Baba ya aiko Ruƙayya ta kira ni. Na same shi zaune a bakin gado, ya sa farar jallabiya da rawani, sandarsa a kan cinya. Inna tana zaune a ƙasa, ta juya mana baya, tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince.

Ya ce, "Za ka raka ni wurin liman kafin a shiga masallaci. Ina so bayan Juma'a a yi sallar da ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba. Gobe a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane su zo su ɗaga Fatiha." Ya gyara riƙon sanda. "Kai za ka faɗa masa. Ni bakina ba zai iya ba."

Na san bai dace ba. Na san ba ranar ba ce. Amma halin mutum ba ya zuwa hutu, sai na ji kaina ina cewa, "Baba, ka fara tambayar wani?"

Ya ɗago ya dube ni, duba na sosai, wanda na manta rabona da shi.

"Wa zan tambaya? Yayan wane ne?"

Muka fita. Hanya duk laka ce, ya riƙe damtsena tun daga zaure, yatsunsa suna nutsewa a naman hannuna. Mohanad ya biyo mu daga baya, nesa kaɗan, ɗauke da dardumar Baba. A hanya na tattaro kalmomi, na jera su, manya-manya, na Larabci da na Hausa, waɗanda suka dace da liman.

Liman yana zaune a rumfarsa yana yanke farce. Ya tashi ya gaishe da Baba, ya ga fuskarsa, ya juyo gare ni ya ce, "Lafiya, Yunusu?"

Na ce, "Malam, Husain ne."